Shatin Ruwa a Cikin Wufa

"Ƙara," in ji Abdurrazak, kansa na cikin but ɗin motar. "Ƙara mana, maɓallin ba ya cizo."

Zakariya'u ya zura hannu ta taga ya murɗa kaɗan. Muryar mai waƙar ta fito garau daga sifikun ƙofa, amma da ganga ta sauka sai wufa, babbar sifikar da ke baya, ta yi wani gurnani mai karkarwa, furr, furr, kamar ana yaga tsohon buhu. Wata mai tallan fanke da ke wucewa ta toshe kunne ɗaya, ta ce a ji tausayin masu hawan jini.

"Ka ji ko, Yaya? Tsufa ne kawai. C'est fini. A bar ta, gobe a yi da sifikun gaba."

"Ni na tambaye ka?"

Shekara talatin da ɗoriya Abdurrazak ya yi yana gyaran rediyo da sifika a wannan shagon na layin marina, a unguwar New Bell ta birnin Douala, kuma ba abin da ya tsana irin mai kaya ya kawo masa cuta haɗe da sunanta. Balle Zakariya'u, autan ɗakinsu, wanda ya goya da bayansa, wanda yanzu yake zaune a ofis mai sanyi a bakin tashar jiragen ruwa har Faransanci ya fi Hausa zama a bakinsa. Wufar ma ai kyautarsa ce. Lokacin da Zakariya'u ya sayi motar, shekara biyu da suka wuce, Abdurrazak ya sauko da ita daga saman kanta, tsohuwar inci goma sha biyu da ya daɗe yana wa mutane rowarta. Ya ƙera mata akwatin katako da hannunsa, ya toshe kowace kafa da gam, ya ɗaure ta da kusoshi takwas. Tun daga ranar motar ba ta sake zuwa gyara ba. Yau ɗin ma ba a son ran mai ita ta zo ba, 'yarsa Latifa ce ta kawo ƙara. Gobe ɗaurin aurenta, motar ubanta ce za ta ja gaba a kai amarya, kuma ta ce wa Abdurrazak, "Baffa, in aka kai ni da wannan tarin, ƙawayena za su yi ta yi mini dariya har in haihu."

Amma ba wufar ce babban aikin wannan Juma'ar ba. Kafin a tafi masallaci Rakiyatu za ta zo daga unguwar Nylon, ita da ke tsakanin su biyun a haihuwa, ta durƙusa a gaban ƙaninta ta nemi gafara. Wata huɗu Abdurrazak ya yi yana sintiri kafin ya shawo kanta. Ita ce gwaggon amarya, ita ta raini Latifa daga yaye har ta shiga makaranta, kuma a danginsu ba a taɓa wanke amarya an miƙa ta ɗaki babu hannun gwaggo ba. Shekara biyu ke nan ƙafarta ba ta taka gidan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Rigimar ta faro ne daga ranar da mahaifiyarsu, Inna Yelwa, ta rasu. Watan Agusta ne, ruwa ya kwana yana zuba, gari ya waye layin marina ya koma kogi. Bayan asuba numfashin Inna ya sarƙe. Abdurrazak ya kira Zakariya'u, don shi kaɗai ne mai mota a gidan, ya ce, "Ga ni nan, Yaya, kada ku ɗaga ta." Aka jira. Aka sake kira, waya a kashe. Sai da aka yi awa uku sannan Abdurrazak ya goya uwarsa, ya ratsa ruwa iya ƙugu zuwa babban titi, kuma kafin a sami motar da za ta tsaya ta cika a bayansa. Da azahar Zakariya'u ya iso a ƙafa, a jiƙe sharkaf, ya ce ruwa ya datse hanya tun daga unguwarsu ta Ndogpassi, motar ko ƙofar gida ba ta fita ba, wayar kuma ta faɗa kwata. Ran sadakar uku Rakiyatu ta miƙe a gaban mutane ta ce ƙarya yake yi, wata maƙwabciya ta hango motarsa da safiyar nan a ƙaramar gadar bayan marina, taku ɗari biyu daga ɗakin Inna. Zakariya'u ya yi ta rantsuwa yana kuka. Abdurrazak, da yake shi ne babba, ya nuna wa ƙanwarsa ƙofa, ya ce kada ta dawo sai da ban haƙuri a bakinta. Har zuwa wannan safiyar yana ganin ranar ce ya fi cika babban wa a rayuwarsa.

Ya fara da inda yakan fara. Rabin mutanen da ke kawo masa wufa da kuka, wufar lafiyarta ƙalau, lambar mota ce ke rawa ko wani sifana da aka manta a kusurwa. Ya danne lambar da tafin hannu, ƙarar na nan. Ya kwashe jak da tayar ajiya da wata tsohuwar darduma ya zube a bakin shago, ya bi murfin but ɗin yana bugawa da dunƙulen hannu yana sauraro. Ƙarar ba ta motsa ba.

"Wallahi, Yaya, kana wahalar da kanka," in ji Zakariya'u, yana duban agogo. "Ga masu kanofi na jirana, ga telan ango."

"Telan ango ba naka ba ne. Riƙe mini wannan."

Ya koma kan wayoyi. Ya kwance wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota, ya ga kanta ya yi tsatsa fiye da yadda yake so, ya kankare da bakin wuƙa ya mayar. Ya rage ƙarfin ampili, na'urar ƙara sauti, har ƙasa, don samarin gareji sun saba murɗe shi su bar wa mai mota ciwon kai. Gurnanin ya ragu, amma bai tafi ba. Sai ya shiga shago ya ɗauko wata sifikar gwaji da ya yarda da ita, ya cire wayoyin wufar ya jona mata. Gangar ta sauka dim, dim, tsaf, har gilashin motar ya amsa. Ampili ya fita daga zargi ke nan.

"Kashe," ya ce.

Unguwar ta dawo da hayaniyarta, 'yan bensikin, wato masu acaɓa, na ta hon a bakin layi, masu bugun shadda na ta sauke guduma daga can cikin marina. Abdurrazak ya sa mita a bakin wufar, allura ta tsaya inda ya kamata, wato bobin, naɗin wayar da ke cikinta, bai ƙone ba. Ya kai hanci ya sunsuna, babu ƙaurin ƙuna. Ya bi soson da ke zagaye da bakinta da ɗan yatsa, ya ga ya tsufa, ya fara tsattsagewa a wuri biyu, amma irin wannan tsagar ba ta isa ta yi wannan kukan ba. Daga nan ya buɗe yatsunsa biyar ya ɗora a tsakiyar faifan wufar, ya rufe ido, ya danna a hankali. Ya ji ƙarr a ƙarƙashin yatsunsa, kamar ana taka yashi. Ya saki, ya sake dannawa. Wani abu ya shiga ramin da bobin ke kai da komo a cikinsa, kuma ya san akwatin da ya ƙera ko ƙura ba ta shigarsa.

"Ba ni sukudireba, mai jan hannu."

"Sai an buɗe?"

"A'a, zan tsaya daga waje in yi mata tofi."

"Ba haka nake nufi ba. In ta mutu sai in sa a kawo sabuwa daga kantunan Akwa, yau ɗin nan. Ba sai ka ma taɓa ta ba, pardon."

Abdurrazak ya ɗago ya dube shi. Gumi ya jiƙa wuyan farar rigarsa, amma wa ba ya gumi a Douala da hantsi? Ya miƙa hannu ya ɗauki sukudireban da kansa. Kusoshi shida sun fita da gardama, biyu na ƙasa kuwa ko murɗawa bai yi ba suka zare, katakon wurin ya kumbura ya yi laushi. Ya sa hannu biyu ya zaro wufar, sai wani warin ruma ya bugi hancinsa.

Ƙasan akwatin cike yake da busasshiyar laka, ta tsattsage falle-falle. Maganaɗisun ya yi jan tsatsa har rabi. A bayan faifan, wanda takarda ce mai kauri, ruwa ya bar shatinsa, layi guda a miƙe, ya ɗan karkata kamar motar ta tsaya hancinta a sama. Daga layin zuwa ƙasa takardar ta rine da shuɗi. Katakon cikin akwatin ma haka, shuɗi har inda ruwan ya tsaya.

Babu ɗan layin marina da zai ga wannan shuɗin ya tambaya. A safiyar da Inna ta rasu, ambaliyar ta kifar da gangunan galura na Malam Salmanu mai rini, ruwan da ya gangara daga marina zuwa ƙaramar gada ya koma shuɗi, ya rina bangaye da tabarmi, har kaji sun yi mako suna yawo da shuɗin gashi. Daga gadar ruwan ya faɗa babbar kwata ya ɓace. Ba a taɓa yin irinsa ba, ba a kuma sake ba, don Malam Salmanu ya ɗaga gangunansa kan dakali tun daga lokacin. Ruwan Ndogpassi kuwa jar laka yake bari, kowa ya sani.

Abdurrazak ya rungumi wufar ya shiga shago. A bayan ƙofa akwai wurin da mai fenti bai kai ba, shuɗin ambaliyar na nan a jikin bangon. Ya kara faifan da bangon, ya daɗe yana kallo. Zuciyarsa ta riga ta gane, amma hannunsa hannun mai gyara ne, ba ya yanke wa abu hukunci sai ya kawar da sauran zarge-zarge ɗaya bayan ɗaya. Ya ajiye ta a kan tebur, bayanta a sama.

"Zakari, shigo."

Ya shigo ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Ka taɓa ɗaukar kayan rini a but? Galura, ko jiƙaƙƙiyar shadda?"

"A'a. Me ya faru?"

"Ka taɓa ba wani aron motar nan ya kwana da ita?"

"Ka san ba na ba da aro."

"Akwatin fa, wani ya taɓa cire shi? Ya bar mota ko sau ɗaya?"

"Yana nan yadda ka ɗaure shi, Yaya."

"To," in ji Abdurrazak. Ya ji muryarsa ta yi ƙasa. "Da ma ka ce mini e ko a guda ɗaya. Matso ka gani."

Zakariya'u ya matso. Ya kalli faifan, ya kalli bangon da yayansa ke nuna masa da bakin sukudireba. Ya buɗe baki da Faransanci, ya yi kalma uku ya rasa ta huɗu. Sai ya nemi benci ya zauna, ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"An wanke motar," ya ce a hankali. "Kwana huɗu ta yi a Bonaberi. An canja kafet, an canja kujerun baya, an busar da komai. Ban san ruwa na shiga nan ba."

"Katako ne, Zakari. Yana sha."

"Na zo, Yaya. Wallahi na zo. Ka gani ai da idonka, na zo."

"Na gani. Sai me?"

Ya ba da labarin yana kallon takalmansa. Ya ce ya taso tun kiran farko, ya bi ta bayan Kassalafam don kauce wa babban titi, ya iso har gindin gadar. Yana fara hawa injin ya mutu, ruwa ya shigo ta baya. Mako uku ke nan da sayen motar. Ya fito, ya hangi rufin gidansu, ya ce bari ya tura ta gefe tukuna kada ruwa ya ja ta cikin kwata, minti biyar ne. Ya kashe wayar don kada a kira shi ya rasa abin faɗa kafin ya gama. Motar ta ƙi turuwa. Ya je neman masu taimako, ya dawo da mutum uku, suka ɗaura igiya, igiyar ta tsinke, aka nemo wata.

"Ban san lokaci na tafiya haka ba. Na ɗauka irin ciwon da Inna take yi ne kullum, a shafa mata man zafi ya lafa."

"Ta gadar na bi da Inna," in ji Abdurrazak. "Ban ga mota ba."

"Mun riga mun shigar da ita filin masu walda."

"Kai kana ina?"

Zakariya'u ya jujjuya tabarau a hannunsa. Gudumar masu bugu ta sauka sau biyar ko shida kafin ya amsa.

"Ina bayan ƙyauren filin. Na gan ka. Ka rufa mata zanen sallarta a ka, ƙafarta ɗaya ba takalmi. Na so in fito, Yaya. Na ce in na fito yanzu me zan ce? Na ce bari ku wuce in biyo ku asibiti, in ce yanzu na iso."

Abdurrazak ya ajiye sukudireban a tebur don ya san kansa. Bai taɓa jin ya tsani wani mahaluki irin yadda ya tsani wannan mutumin mai farar riga ba, kuma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne fuskar Inna ce sak a zaune a kan bencin. Ya tuna nauyinta a bayansa, yadda ta yi ta ƙara nauyi tun daga gadar. Da mutum biyu ne, da sun ɗauke ta a kan ƙyaure tun bakwai na safe.

"Ka yi rantsuwa," ya ce. "A gaban liman. Ka sa na kori Rakiya daga zaman makokin uwarta."

"Ban ce ka kore ta ba."

Wannan maganar ta shige shi fiye da duk sauran, don gaskiya ce. Ba wanda ya ce ya kore ta. Ba kuma wanda ya ɗaure masa ƙafa awa uku, ban da cewa ba ya so a ga uwarsu a goye a titi alhali ɗanta na da mota.

"Yaya, ka yi mini duk abin da ka ga dama, na cancanta. Amma bari a ɗaura auren nan tukuna. Ka san Yaya Rakiya. In ta ji, ba za ta yi shiru ba, kafin la'asar dangin ango sun ji. Latifa ba ta san komai ba. Jiya har kuka ta yi don murna da aka ce gwaggonta za ta zo."

"Kada ka sa mini Latifa a gaba kamar garkuwa."

"Ba garkuwa ba ce, gaskiya ce."

"Yau ka san gaskiya?" Abdurrazak ya tsaya a kansa. "Saurara. Yanzu za ta zo. Ni na sa ta, ni na ce sai ta durƙusa. In ta fara sunkuyawa, ka tare ta. Ka faɗa mata da bakinka, da Hausa, yadda ka faɗa mini. In ta tafi, ta tafi. In ta tsaya, Allah ya taimake ka. Ka ji ni?"

"Na ji."

"Ka ji, ko za ka yi?"

"Zan yi, Yaya."

Suka zauna jiran Rakiyatu. Abdurrazak ya ɗauki burushi ya fara share lakar da ke gefen maganaɗisun, ba don yana da niyyar gyara ba, sai don hannunsa bai iya zama haka kawai ba. Yana sharewa yana ganin aikin da ke ciki: a yanke hular tsakiya, a zare bobin, a wanke ramin da fetur, a sa sabon soso. Aikin yini ɗaya ne, kuma za ta yi sauti.

Wajen sha ɗaya da rabi bensikin ya tsaya a ƙofar shago. Rakiyatu ta sauko da ƙyar, tana dafa kafaɗar mai babur, da ƙaton kwano ɗaure a ɗankwali a hannunta. Ta rame. Bai lura da haka ba a duk zuwan da ya yi Nylon, don can a zaune yake samunta cikin duhun ɗaki, yana yi mata wa'azin zumunci. Tana sallama ya amsa, sai ya ga tsumman goge hannu shimfiɗe a kan wufar, ya rufe ta ruf. Shi ya rufa. Bai san lokacin da hannunsa ya yi ba.

"Yaya, ina kwana? An tashi lafiya? Ya hidima?" Ta ajiye kwanon a kan kanta, ƙamshin turaren wuta da lalle ya cika shagon. "Na amarya ne. Mako biyu ina haɗawa, ban bari kowa ya sa mini hannu ba."

Sannan ta juya ta dubi ƙaninta. Zakariya'u ya miƙe tsaye, ya mayar da tabaransa.

"Auta," ta ce. Muryarta ta karye a kan sunan. "Ka yi furfura."

Ta kama gefen tebur ta fara sauka. Gwiwoyinta sun daɗe da lalacewa, sai da ta yi hutu a rabin hanya, tana cije leɓe. Lokaci ne mai tsawo, ya ishi mutum ya miƙa hannu sau uku. Abdurrazak ya kafe Zakariya'u da ido. Zakariya'u na kallon kalandar da ke bango. Gwiwarta ta taɓa siminti, cikin guntayen waya da ƙurar dalma.

"Zakariya'u, na zalunce ka. Na ɗauki maganar wata na ɗora maka a ranar da kake kukan uwarka. Baƙin ciki ne ya rufe mini ido, na rasa wanda zan kama sai kai. Matar ma da na koma na matsa mata, cewa ta yi ita ba ta tabbata ba, motoci suna kama. Shekara biyu ba na iya yi wa Inna addu'a da sakakkiyar zuciya. Don Allah, don darajar wadda ta haife mu, ka yafe mini."

Zakariya'u ya dubi yayansa sau ɗaya, kallon mai roƙo, sannan ya sunkuya ya dafa kafaɗarta.

"Ya wuce, Yaya Rakiya," ya ce. "Wallahi na yafe. Tun tuni na yafe miki."

Ta fashe da kuka, ta riƙe hannunsa ta kai goshinta. Shi ma hawaye yake yi, na gaske, kuma wannan ya ƙara wa Abdurrazak takaici. Tsumman na nan kusa da gwiwar hannunsa, ja ɗaya ya isa. Ya ga yadda abin zai kasance: Rakiya ta miƙe, ta ɗauki kwanonta, gobe Latifa ta zauna a lulluɓe tana jiran gwaggon da ba za ta zo ba. Ya kuma ga wani abin bayan wannan, wanda ya fi ba shi tsoro. In ya ja tsumman, ba Zakari kaɗai zai sauka kan simintin nan ba, har da shi, babban wa, a gaban unguwar da ta ji shi yana korar ƙanwarsa. Ya so ya ce don Latifa ya yi shiru. Ya nemi tabbacin hakan a zuciyarsa bai samu ba.

Rakiyatu ba ta tashi ba. Ta ja gwiwa a kan simintin ta juyo wajensa, tana share ido da bakin mayafi.

"Kai ma, Yaya. Na yi ta jin haushinka, har na ce ka fi son shi don shi namiji ne. Ashe ka fi ni hangen nesa. Da ba ka tsaya a kaina ba, da na mutu da haƙƙin yaron nan a wuyana. Ka yafe mini."

Daga masallacin Juma'a aka fara gwada lasifika. Tana durƙushe tana jira, fuskarta a ɗage, ta fi kowace rana a shekara biyun nan haske.

"Na yafe miki, Rakiya," in ji Abdurrazak. "Tashi, ƙasan da datti."

Ya kama hannunta ya ɗaga ta. Ta yi hamdala sau uku, ta ɗauki kwanonta, ta ce maza a kai ta wajen 'yarta, akwai aiki a gabanta. Zakariya'u ya yi sauri ya mayar da jak da taya cikin but, ya rufe, ya zagayo ya buɗe mata ƙofar gaba. Kafin ta shiga ta tsaya ta shafa rufin motar da tafin hannu.

"Allah sarki," ta ce tana dariya cikin hawaye. "Har ke ma na yi miki ƙazafi."